Fasinjan Akwati

A gidan baje kolin zane-zane da sassaƙa inda yake aiki, ba mai ce masa Kafinta kuma, sai Madam shugabar gidan, ita ma in ta tuna. Tun daga masu shara har masu gadin ƙofa, Fasinja kowa ke kiransa. Sunan kuwa a wata ranar aiki ya same shi, ranar da ya kamata ta wuce kamar sauran.

Aikinsa shi ne haɗa akwatunan katako da ake zuba kayan gidan in za su tafi baje koli wata ƙasa. Yana da wata ɗabi'a da ya gada a wurin ubangidan da ya koya masa sana'a. Duk akwatin da ya isa ya ɗauki mutum, ba ya yarda da shi sai ya shiga ciki da kansa, an rufe murfi an ɗaure noti, ya zauna cikin duhu yana juya ido. In ya hango haske ko da kamar tsinin allura ne, to akwatin bai haɗu ba, don a cewarsa inda haske ya bi, nan ruwa zai bi, nan ƙwaro zai bi. Kafin ya shiga yakan tuɓe takalmansa ya jera su a gefe, kada ya ɓata soson da ya shimfiɗa.

Akwatin ranar na wani mutum-mutumin tagulla ne, dogo, mai hannu ɗaya a sama kamar mai tare tasi. Abokinsa Mai Fenti, wanda ke sauya wa bangon ɗakunan launi duk sanda aka sauya kayan da ake nunawa, shi ya rufe shi a ciki. Yana ɗaure noti na ƙarshe aka aiko cewa Madam na nemansa a sama, wai shuɗin da ya shafa a babban ɗaki ya fi wanda ta zaɓa duhu. Ya ƙwanƙwasa murfin ya ce, "Mutumina, yanzu zan dawo," ya haye. Gardamar shuɗi kuwa ba a gama ta a tsayuwa ɗaya. Kafin ya sauko, masu motar ɗaukar kaya sun iso da wuri, abin da ba su taɓa yi ba tun da aka san su. Suka tarar da akwatuna a jere a rufe, suka sa injin ɗaga kaya suka lode su, suka kama hanya.

Mai Fenti ya dawo ya tarar da mutum-mutumin tsaye inda yake, hannu a sama, ga takalman Kafinta a jere a ƙasa, akwati babu. An ce ya jima yana kallon takalman kafin ƙafafunsa su tuna da gudu. Sai a wani gidan mai can bayan gari, a hanyar filin jirgi, waya ta tsayar da motar. Da aka kwance murfi, Kafinta ya fito ba takalmi, ya jiƙe sharkaf da gumi, ya kare idonsa da tafin hannu, ya dubi mutanen da suka taru, ya ce, "Kusurwar hagu tana shigar da haske." Daga nan ya shiga gaban mota aka dawo da shi.

Sunan ya zauna masa daram ne saboda kowa ya san mai shi bai taɓa zuwa ko'ina ba.

Wurin aikinsa a ƙarƙashin ginin yake. Matattakala ce ke sauka da mutum cikin warin gam da dusar katako. Taga ɗaya ce, siririya, can sama daf da rufi, daidai da gefen titi, ta nan yake ganin duniya daga gwiwa zuwa ƙasa. Ya san 'yan yawon buɗe ido da fararen takalmansu, ya san 'yan makaranta da safarsu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ya san Madam ta iso in ya ji ƙwas-ƙwas. Akwatunansa kuwa sun ga duniya har sun gaji. Sukan yi wata da watanni su dawo jikinsu duk sitika, wani rubutun daga dama, wani daga hagu, wani kamar sawun kaza. In ya buɗe su, hanci yake fara sawa kafin hannu. Wani ya zo da warin teku, wani da sanyi kamar an kwana da shi a firji. Ya san akwai wani gari da ma'aikatansa ke ɗaure noti kamar suna fushi da shi. Akwai kuma wani da suke mayar da kowane soso inda suka ɗauke shi, har yakan ce da zai ga mutanen nan da ya yi musu godiya.

A lungun da ke kai wa ɗakin shayin ma'aikata ana manna fastocin da sauran gidajen baje koli na duniya ke aikowa, ga abin da suke nunawa yanzu, ga wanda za su buɗe nan gaba. Wani gidan na nuna aikin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana kogi ɗaya. Wani na shirin tara tsofaffin ƙofofi daga ƙasashe daban-daban. Ba wanda ya kai Fasinja sanin fastocin nan. Yakan tsaya da kofi a hannu ya karanta har ƙananan rubutun ƙasa.

"Ka bar kallon nan haka, kada ka cinye musu launi," in ji Mai Fenti.

"Dubawa nake in ga wane kafinta ne ya sha wahala."

Duk kayan da za su tafi akan haɗa su da ɗan rakiya daga gidan. Galibi mutanen ofisoshin sama ne ke zuwa, su dawo da cakulan da mura. Shi bai taɓa nema ba. Ko da ya nema, akwai Yaya.

Yaya wansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon kafinta ya ce wa ubangidan, "Ga shi nan, in ya yi wasa ka haɗa da shi cikin katakon." Direban babbar mota ne a da, irin masu tsallaka iyakoki, ya fi sanin kwalta fiye da gadonsa. Wata safiya yana ɗaura takalmi ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Matarsa ta riga ta rasu, 'yarsa tilo tana aure a nesa, don haka aka hau da shi bene na uku, gidan hayar ƙaninsa, ɗaki biyu da falo, aka ba shi ɗakin da tagarsa ke kallon barandar maƙwabta. Shekaru ke nan bai sauko ba in ban da zuwa asibiti. Ciwon ya ɗauke masa hannu da ƙafa, ya karkata masa baki, amma bai taɓa harshen ba. Bai kuma rage masa nauyi ba, don Yaya mutum ne da aka gina da kayan aiki masu kauri.

Ɗaga shi daga gado zuwa kujera, daga kujera zuwa banɗaki, wanka, sauya kaya, duk Fasinja ne. Da safe kafin ya fita, da rana in an tashi cin abinci ya hau kekensa ya sheƙo gida, da yamma in ya dawo. Matarsa, wadda ke ɗinki a wani shago a ƙarshen layi, ita ke girki da wanki da ba da magani, amma Yaya ya rantse matar ƙaninsa ba za ta ga tsiraicinsa ba ko da mutuwa zai yi. Har yau Amarya yake ce mata, bayan ta aurar da 'ya'yanta. Ƙanin nasa kuma, mai furfura a gemu, Auta.

"Auta, a hankali. Ba buhun siminti ka ɗauko ba."

"Buhun siminti ba ya magana, Yaya."

"Shi ya sa ba a gaishe shi."

Haka suke kullum. Fasinja ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa, ya haɗa ƙirji da ƙirji, ya yi bisimilla, su miƙe tare kamar 'yan kokawar da suka gaji da juna. A wannan tsayuwar ce Yaya ke ba shi labaran hanya, bakinsa daf da kunnensa. Wata gada da sai da addu'a ake hawanta, wani gari da karnukansa ba sa haushi, wata mai abinci da ta nace sai ya aure ta. An maimaita labaran har Fasinja na iya gyara masa in ya kauce.

Ana nan, wata rana Madam ta sauko ƙasa da kanta, abin da ba ta yi sai da dalili, tana tattare siket saboda dusa. Ta ce wani babban gida a ƙetaren teku zai nuna manyan sassaƙen katakon nan na ɗakin baya, waɗanda sai an kwance su gaɓa-gaɓa kafin su shiga akwati. Mutanen can sun ce wanda ya kwance su shi suke so ya zo ya haɗa.

"Baba Kafinta, kai za ka je. 'Yan makonni ne kawai. Ka nemi fasfo."

"Ranki ya daɗe, ni?"

"Akwai wani Baba Kafinta a nan?"

Sai da ya waiga bayansa don ya tabbatar. Bayan ta tafi ya ɗauki zarto ya ajiye, ya ɗauki guduma ya ajiye. Ranar nan ya wuce kwanar gidansu a kan keke sai da ya juyo.

Matarsa ce ta fara magana da ya faɗa musu. "Ka je, Malam. Ko kaza akan sake ta ta zaga gida."

Yaya ya gyara kai a kan matashi, ya koma direba. "Ka zauna kusa da ƙofa. Kada ka ci abin da ba ka san sunansa ba. Kada ka ba kowa ajiyar jakarka, ko da ya ce garinku ɗaya."

"To kai fa, Yaya?"

"Ni me? Ni na riƙe ka? Ka ga igiya a hannuna?"

Ya faɗi haka yana kallon bango.

Mai Fenti ne ya fara kawo kansa, ya ce abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa, shi zai riƙa zuwa yana ɗaga Yaya. Mutum ne siriri kamar sandar burushinsa. Aka gwada. Ya zura hannu, ya yi bisimilla, suka miƙe rabi, suka tsaya suna shawara da ƙasa, sannan suka tafi tare a hankali, Mai Fenti a ƙarƙashi.

"Auta, zo ka zare mini wannan tsinken," in ji Yaya daga sama. "Yana soka mini haƙarƙari."

Aka nemo wani mutum da ya taɓa aikin jinya a asibiti, dattijo mai sanyin murya da tsabtar farce, Yaya ya sa masa Likita tun daga bakin ƙofa. Ya iya wanka, ya iya juya majinyaci, ya iya haƙuri da baƙar magana, amma ya faɗi gaskiya tun farko cewa bayansa ba zai ɗauki Yaya ba.

Nan Fasinja ya yi abin da duk mai sana'arsa zai yi. Ya dubi wansa ya ga kaya mai nauyi, mai daraja, mai gefen da ba ya son dannawa, wanda za a ɗaga daga nan a sauke can ba tare da ya ƙwarzane ba. Ya ɗauko tef ɗin awo. Ya auna faɗin kafaɗa, ya auna daga ƙugu zuwa gwiwa, ya auna daga gado zuwa kujera, daga ƙasa zuwa rufi.

"Awon me kake yi mini tun ina numfashi?"

"Mota zan haɗa maka."

"In ba ta da giya biyar kada ka kawo."

Ya yi ta yanka da gogewa bayan an tashi aiki, ya riƙa hawa bene da katakon ɗaya-ɗaya. Abin da ya fito wani firam ne mai ƙafa huɗu da ya haye kan gado da kujera, da ƙarfe a sama, da 'yar taya mai gudu a kansa, da igiya, da wani majanyi na tamfol da Amarya ta ɗinka ta sa masa soso. In an ja igiya mutum ya tashi sama, a tura shi gefe, a sauke. Ko mai ciwon baya zai iya da hannu ɗaya. Kamar yadda ya saba, shi ya fara shiga. Matarsa ta ja, ya tashi yana lilo a tsakiyar ɗaki, gwiwoyi a ƙirji, tana dariya har da riƙe ƙofa.

Da aka ɗaga Yaya karon farko, ya dubi ƙasa, ya dubi rufi, ya ce, "Saura ka rubuta mini a goshi, a kula mai fashewa ne." Amma abin ya yi aiki. Ya yi aiki fiye da yadda aka zata.

Tunda ba a fafe gora ranar tafiya, Fasinja ya yanke cewa daga ranar ba zai ƙara taɓa Yaya ba, don a saba. Da farko yakan tsaya bakin ƙofa, hannuwa a baya, yana kallon Likita na jan igiya. Daga baya ya daina zuwa da rana. Karon farko cikin shekaru ya zauna a ɗakin shayi ya ci abincinsa a zaune, ya gama, ya rasa yadda ake yi da sauran lokacin. Fasfo ya fito, biza ta fito. Surukinsa ya ara masa wata ƙatuwar rigar sanyi mai warin kafur, ya gwada ta a falo da tsakar zafi, Amarya ta rage mata hannu. Fastar baje kolin ma ta iso aka manna a lungu, ga hoton sassaƙen da ya san kowace gaɓa tasu. Yakan wuce ta gabanta ko ba shi da abin yi a wajen.

Abu ɗaya ne ya ƙi kallo sosai. Labaran hanya sun tsaya, don a cikin majanyi ba kunnen kowa kusa da bakin Yaya. Baƙar maganar ma ta ragu. Yana cin abinci, yana shan magani, har yana cewa, "Sannu Likita, na gode."

"Ka ji Yaya yana godiya?" in ji Amarya a kicin, murya ƙasa-ƙasa. "Ni abin bai kwanta mini ba."

"Girma ne ya zo masa," in ji Fasinja, ya ci gaba da goge takalmin tafiya.

Saura 'yan kwanaki, an rufe akwatuna, ya tuna da wata 'yar gudumar katako ta ubangidansa da yake ajiye da ita a gida, wadda ba ya son haɗa sassaƙa da wata in ba ita ba. Ya hau keke da rana ya zo ɗauka. Ya tarar da zannuwan gado a yashe a bakin matattakala, ƙofa a kulle. Ya sa mukullinsa ya buɗe.

Yaya na rataye tsakanin gado da kujera. An yaye shimfiɗa, katifa tsirara. Majanyin ya zame ya naɗe, bakin tamfol ɗin ya nutse cikin cinyarsa, ƙafar da ta shanye ta kumbura ta yi duhu. Ƙasan wurin a jiƙe. Shayin safe na nan kan teburi ba a taɓa ba. Daga baya aka ji yadda aka yi. Likita ya ɗaga shi don ya sauya shimfiɗa, ya fita da zannuwan zai kakkaɓe, iska ta bugo ƙofa, mukulli na ciki. Ya ruga shagon Amarya karɓo nata mukullin, aka ce ta shiga kasuwa sayen zare, ya bi ta can yana nema layi-layi, kunya ta hana shi kiran maigidan.

Yaya ya ɗago ido. Leɓensa ya bushe. "Me ka manta?"

"Yaya, ga taga a buɗe. Ga matar maƙwabci can tana shanya. Me ya hana ka kira?"

"In na kira su ɓalle ƙofa, unguwa ta ji, kai ma ka ji." Ya lashi leɓe. "Sai ka fasa. Na san ka kamar yunwar cikina."

Fasinja bai bi ta kan igiyar ba. Ya zura hannuwa ƙarƙashin hammatarsa, ya haɗa ƙirji da ƙirji, ya ɗago shi, ya zare majanyin da gwiwa. Jikin Yaya na rawa kamar mota a kan gargada.

"Auta, in ka fasa ban yafe ba."

"Na ji, Yaya."

"Ka ji, ko ka ji?"

"Ɗaga hannun in cire rigar."

Yana cikin yi masa wanka Likita da Amarya suka shigo suna haki. Likita ya durƙusa bakin banɗaki yana ba da haƙuri, Yaya ya ce masa daga ciki ya tashi, iska ce, ita kuwa ba a kai ta ƙara. A kicin Amarya ta tare mijinta. Ta ce za a yanko mukullai a ba maƙwabta ɗaya, za a sa dutse a bakin ƙofa, ita kuma za ta rufe shago har ya dawo. Duk abin da ta faɗa daidai ne, shi ma ya san daidai ne, ya ce to.

Mukulli ana yanka shi, majanyi ana sake ɗinka shi. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne mutumin da zai yi rabin yini a rataye bai ce uffan ba don kada a fasa tafiya. In zazzaɓi ya zo fa, ko ƙirji ya riƙe, ko ya daina jin ɗaya ƙafar? Zai ce sannu Likita, na gode. In an kira waya daga ƙetare zai ce lafiya lau, har ya tambayi ko ana zama kusa da ƙofa. Duk rayuwarsa Fasinja bai taɓa sakin akwatin da bai shiga ya duba ba, wannan kuwa ba ta inda zai shiga.

Washegari ya hau ofishin Madam. Bai taɓa lura tagarta ta kai haka girma ba, ana hango har inda gari ya ƙare. Ya tsaya ya ba tagar baya ya faɗi abin da ya kawo shi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu. Ya ce ya sani, ranki ya daɗe. Ta ce to wa zai haɗa sassaƙen? Ya ce Mai Fenti. Za su buɗe akwatunan su ɗiga wa kowace mahaɗa launi a ɓoye, ja ya nemi ja, kore ya nemi kore, wannan kam ko cikin barci Mai Fenti zai iya. Madam ta yi ta buga waya har aka ɗaga ranar tafiya.

Mai Fenti ya ƙi da farko. "Mutumina, kada ka sa ni cin rabonka."

"Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Zo ka gwada rigar."

Rigar ta shanye shi har gwiwa. Fasinja ya sa masa 'yar gudumar a aljihu, ya ce a dawo masa da ita.

Yaya kuwa ya yi fushi na gaske. Kwana da kwanaki ana ɗaga shi ƙirji da ƙirji ya kawar da kai gefe, ko tari ba ya yi. Ranar da motar kaya ta tafi, Fasinja ya ga tayoyinta sun wuce ta siririyar taga, ya share bencinsa, ya hau keke ya zo gida a kan lokaci. Sai can wata safiya, suna tsaye rabi tsakanin gado da kujera, Yaya ya ce a kunnensa, "Sakarai. Ni na yi renon sakarai." Can sai ya ce, "Na taɓa gaya maka gadar nan da sai da addu'a?" Fasinja ya ce bai taɓa ba. Firam ɗin na nan a ɗakin, ya yi girman da ba zai fita ba sai an kwance, Amarya na shanya tawul a kansa.

Mai Fenti ya dawo da cakulan da mura kamar kowa. Ya ce bai ga komai ba sai otal da wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa irin nasu sak, har warin gam ɗin ɗaya, da wani tsohon kafinta mai yatsu tara da ya shafa akwatunan ya ce a gaida wanda ya yi su. Fasinja ya sa aka maimaita masa wannan sau biyu. A lungu an riga an manna sabuwar fasta a kan tasu.

Rannan a ɗakin shayi ana rabon cakulan, wani mai gadi ya ce, "Fasinja ke nan. Mota ta dawo da kai, jirgi ya tafi ya bar ka." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Mai Fenti ya fyace hanci ya ce shi har yau abu ɗaya ne bai gane ba game da ranar akwatin nan. Masu lodi sun rantse ko motsi ba su ji ba, direba ma haka. Mutum da hannunsa biyu, a cikin katako, inji ya ɗaga shi sama, me ya hana shi bugawa?

Fasinja ya dubi agogon bango, lokacin keke ya yi. Ya sa cakulan ɗinsa a aljihu don Yaya, ya ɗauraye kofinsa ya kife, ya tsaya a bakin ƙofa yana naɗe ƙafar wando.

"Na ɗaga hannu zan buga," in ji shi. "Sai na ji motar ta tashi. Na ce bari dai in ga iya inda za ta kai ni."